Faɗaɗa Muƙamuƙin Yaro Mai Tsagaggiyar Ganɗa: Shin Zai Gyara Masa Numfashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana shekararsa 8, an haife shi da tsagewa a leɓe da ganɗa ta ɓangaren hagu. An ɗinke leɓen yana ɗan wata 4, ganɗar kuma bayan ya cika shekara. Yanzu likitan daidaita haƙora ya ce muƙamuƙinsa na sama ya tsuke, sai an sa masa wani ƙarfe da zai faɗaɗa shi kafin a yi masa dashen ƙashi a dasashi. Tun yana ƙarami da baki yake numfashi, da dare kuma yana minshari, wani lokaci har nakan ji numfashin ya ɗauke, can sai ya ja shi da ƙarfi. Na ji ana cewa wannan ƙarfen yana buɗe hanyar numfashi. Shin in an sa masa zai daina minsharin, ko akwai wani abin da ya kamata mu yi?

Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya raya miki shi. Abin da kika ji yana da ƙamshin gaskiya, amma akwai buƙatar a rarrabe miki shi, domin hanyar numfashi doguwa ce, ta faro daga ƙofar hanci ta bi ta bayansa ta gangara maƙogwaro, shi kuwa ƙarfen nan ba dukkanta yake taɓawa ba. Amfaninsa ga kogon hanci tabbatacce ne gwargwado. Amfaninsa ga maƙogwaro, inda yawancin minshari da ɗaukewar numfashi suke samo asali, shi ne abin da har yanzu ba wanda zai iya yi miki alkawari a kansa.

Bari mu fara da dalilin tsukewar. Fuskar jariri tana haɗuwa ne daga sassa dabam-dabam a watanni 3 na farkon ciki, kuma a kusan haihuwa 1 cikin 700 a duniya akan sami inda sassan leɓe ko na ganɗa ba su gama mannewa ba. Tiyatar da ake yi wa ganɗa a ƙuruciya dole ce, domin ita take raba baki da hanci, ta ba yaro damar haɗiya da magana yadda ya kamata. Sai dai kowace tiyata tana barin tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. Yayin da yaro yake girma, tabon yana riƙe ɓangarorin muƙamuƙi biyu yana jan su ciki, musamman ƙaramin ɓangaren da ke gefen tsagewar, wanda ba shi da ƙashin da zai dogara da shi ta tsakiya. Shi ya sa za ki ga haƙoran ɗanki na sama ta hagu sun faɗa ta cikin na ƙasa idan ya rufe baki, alhali kamata ya yi su lulluɓe su ta waje. Wannan ba alama ce ta cewa tiyatar farko ba ta yi kyau ba, abu ne da ake sa ran gani a yara da yawa masu irin wannan lalura.

Dangantakar wannan da numfashi ta fito ne daga yadda aka gina fuskar ɗan Adam. Ganɗa kamar dakin bene take, wato abin da yake rufi ga ɗakin ƙasa shi ne daɓen ɗakin sama: ta ƙasa ita ce rufin baki, ta sama kuma ita ce daɓen hanci. Bangon hanci na dama da na hagu su ma a jikin ƙashin muƙamuƙin sama suke. Saboda haka duk lokacin da muƙamuƙi ya tsuke, kogon hanci ma yana tsukewa tare da shi. Donald Warren na Jami'ar Arewacin Karolina a Amurka, wanda ya daɗe yana auna yadda iska take ratsa hancin masu tsagewa, ya nuna tun a shekarun 1980 cewa hanyar iskar hancinsu ta fi ta sauran mutane ƙanƙanta, kuma akasarinsu suna haɗawa da baki wajen numfashi. Halin ɗanki ke nan, kuma ba sakaci ba ne daga gare shi ko daga gare ki.

Shi ƙarfen da ake magana a kansa ana manna shi ne a turamen haƙora na sama, dama da hagu, da wani noti a tsakiya wanda ake murɗawa da ɗan mabuɗi. Kowane murɗi yana buɗa shi da kimanin rubu'in milimita, ana kuma yi sau 1 ko sau 2 a rana, har tsawon mako 2 zuwa 3, gwargwadon faɗin da ake nema. Dabarar tsohuwa ce. Wani likitan haƙori a San Faransisko mai suna Emerson Angell ne ya fara bayyana ta a 1860, mutanen zamaninsa suka ƙi yarda da shi, sai a 1961 Andrew Haas ya farfaɗo da ita da hujjojin da suka gamsar. Akwai irin da ake kira Hyrax, mai buɗewa gaba da baya daidai, akwai mai buɗewa ta gaba fiye da ta baya, wanda ya fi dacewa da yaron da tsukewarsa ta fi tsanani a wajen fiƙa, akwai kuma na waya mai lanƙwasa huɗu wanda ba a murɗa shi, yana turawa ne a hankali cikin watanni. A yaron da ba shi da tsagewa, ƙarfen yana buɗe wata gaɓa ce da ke tsakiyar ganɗa wadda ba ta gama ƙanƙarewa ba, har wushirya ta fito na ɗan lokaci, daga baya sabon ƙashi ya cike wurin. A yaro kamar naki abin ya bambanta, domin a tsakiyar babu wannan gaɓar, tsagar ce da fatar da aka ɗinke a kanta. Ɓangarorin sun fi saurin motsawa, amma kuma babu ƙashin da zai tsiro da kansa ya riƙe su a sabon matsayinsu, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa dashen ƙashi yake biyo baya.

To me yake faruwa da hanci? A nan hujjoji sun fi ƙarfi. A garin Bauru na ƙasar Burazil akwai asibitin Jami'ar Sao Paulo wanda yake cikin manyan cibiyoyin kula da masu tsagewar leɓe da ganɗa a duniya, kuma a 2010 masu bincike na can suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa hancin yara masu tsagewa kafin faɗaɗawa da bayanta, ta hanyar tura sauti cikin hanci a lissafa faɗinsa daga amsa-kuwwar da ta dawo. Sun tarar kogon hancin ya ƙaru. Bincike-binciken da aka yi daga baya da hoton kwamfuta mai nuna ƙashi ta kowace fuska su ma galibi sun nuna haka, musamman a ƙasan hanci da gabansa. Buɗewar ba ɗaya take daga ƙasa zuwa sama ba: ta fi yawa a wajen haƙora, tana raguwa yayin da ake hawa, don haka hanci yana samun wani kaso ne kawai na abin da aka murɗa. Amma kada a raina wannan kason. A ƙa'idar gudanar iska cikin bututu, idan faɗin bututu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, turjiyar da iska take fuskanta tana raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Hanci ba miƙaƙƙen bututu ba ne, lissafin ba zai zo daidai haka ba, amma ya isa ya bayyana yadda milimita 1 ko 2 a wuri mafi ƙunci suke iya sa yaro ya ji iska tana shiga masa da sauƙi. Idan aka tuna cewa kusan rabin turjiyar dukkan hanyar numfashi a hanci take, za a ga cewa ribar ba ƙarama ba ce.

Duk da haka akwai abubuwan da ke toshe hancin mai tsagewa waɗanda ƙarfen ba zai kawar da su ba. Na farko shi ne shingen guringuntsi da ƙashi da ya raba kafofin hanci biyu, wanda a tsagewar gefe ɗaya kusan kullum a karkace yake, gabansa ya kauce zuwa lafiyayyen gefe, cikinsa kuma ya banƙaro zuwa gefen tsagewar. Faɗaɗawa tana ba shi ɗan fili amma ba ta miƙar da shi, kuma gyaransa na sosai tiyata ce da akan jinkirta har sai fuska ta kusa gama girma. Akwai kuma ƙofar hancin da ta lotse a gefen tsagewar, da tsokokin cikin hanci masu kumbura saboda mura ko alaji. Sannan yaron da ya shekara 8 yana numfashi da baki yakan ci gaba da hakan ko bayan hanya ta buɗe, domin jiki ya riga ya saba, sai an bi shi da tunatarwa da horo.

Yanzu mu zo ga maƙogwaro, inda nake so ki fi mai da hankali. Minshari ƙara ce da take fita idan tsokoki masu laushi na bayan baki suna kaɗawa saboda hanya ta ƙuntata, ɗaukewar numfashi kuwa tana faruwa ne idan hanyar ta rufe gaba ɗaya na wasu daƙiƙu. Masu goyon bayan faɗaɗawa suna cewa idan ganɗa ta yi faɗi harshe zai sami wurin zama a sama da gaba, ya daina komawa baya, kuma idan hanci ya buɗe yaro ba zai riƙa zuƙar iska da ƙarfin da zai sa bangon maƙogwaro ya lotso ba. Hujja ce mai ma'ana. Sai dai da aka je aunawa sakamakon bai tsaya a magana ɗaya ba: wasu masu bincike sun ga ƙari a sashen da ke bayan hanci, wasu ba su ga wani canji a sashen da ke bayan harshe ba. Hotunan da ake dogara da su ma suna da rauni, domin ana ɗaukar su ne yaro yana farke, yana zaune ko yana tsaye, alhali matsalar tana zuwa ne lokacin da yake kwance tsokokinsa sun saki. Ko matsayin harshe da haɗiyar yawu a daidai lokacin ɗaukar hoton suna iya canza awon.

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne wanda Paola Pirelli ta birnin Rum ta yi tare da Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford, aka wallafa a 2004, inda yara 31 masu ɗaukewar numfashi a barci suka sami sauƙi ƙwarai bayan an faɗaɗa musu muƙamuƙi. Amma waɗannan yaran ba su da tsagewa, an kuma zaɓo su ne daga waɗanda ba su da kumburin tonsil, wato tsokoki biyun nan da ke gefe da gefen maƙogwaro, sannan ba a ajiye wani rukunin yara da ba a yi wa komai ba don a kwatanta. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan sakamakon a ɗora shi kai tsaye a kan yaron da aka yi wa tiyatar ganɗa. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka da kanta ta fitar da matsaya a 2019, inda ta ce gano cutar ɗaukewar numfashi a barci aikin likitan da ya ƙware a kanta ne, kuma babu hujjar cewa faɗaɗa muƙamuƙi tun da wuri yana hana ta tasowa nan gaba. A ganina wannan ita ce magana ta adalci, kuma nakan damu idan na ji ana tallata wa iyaye ƙarfen a matsayin maganin minshari, domin hakan yana iya sa su zauna suna jiran sakamako alhali yaro yana kwana cikin wahala.

Maganar da kika yi cewa numfashinsa yana ɗaukewa ita ce mafi nauyi a wasiƙarki, kuma ba ta jiran a gama faɗaɗawa. Yara masu tsagewar ganɗa sun fi sauran yara fuskantar wannan cuta, saboda muƙamuƙinsu na sama yakan tsaya a baya, hancinsu ƙuntatacce ne, tsokokin hanɗarsu kuma, wato sashen baya mai laushi na rufin baki, an taɓa su da tiyata. Ki ɗauki bidiyonsa da waya yana barci, ƙirjinsa a buɗe yadda za a ga motsinsa, ki kai wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ki gaya masa idan yaron yana yawan juye-juye ko gumi da dare, ko yana kwana da wuya a banƙare, ko fitsarin kwance ya dawo masa, ko yana tashi da ciwon kai, ko malamansa suna kukan rashin natsuwarsa, domin yaro mai wannan cuta sau da yawa ƙiriniya yake yi da rana maimakon gyangyaɗi. Abin da yake tabbatar da ita shi ne gwajin barci, inda yaro zai kwana da na'urori suna lissafa numfashinsa da iskar oksijin da ke jininsa. A yara, ɗaukewa ko raguwar numfashi fiye da sau 1 a kowace awa ta barci ya riga ya fita daga ƙa'ida, alhali a manya sai ya kai sau 5.

Akwai wani gargaɗi da ya keɓanta da yara irin naki. A sauran yara maganin farko shi ne cire tonsil tare da adinoyid, wato tsokar nan da ke can bayan hanci. A mai tsagaggiyar ganɗa kuwa adinoyid yakan zama matashin da gajeriyar hanɗa take jingina da shi don ta toshe hanyar hanci lokacin magana, kuma idan aka kwashe shi duka maganar yaro tana iya komawa ta hanci. Don haka kada a yi wannan tiyatar sai da sanin tawagar da take kula da tsagewarsa, waɗanda sukan zaɓi a cire tonsil kaɗai ko a rage adinoyid ɗin a bar sashen da ake buƙata. Haka nan idan an taɓa yi masa tiyatar gyaran magana, wadda ake ɗauko tsoka daga bangon maƙogwaro a haɗa da hanɗa, lalle ki faɗa, domin ita kanta tana iya zama sanadin minsharin.

Game da ƙarfen kuwa, shawarata ki amince a sa masa. Dashen ƙashi a dasashi, wanda likitoci biyu, Boyne da Sands, suka bayyana a 1972, ana yin sa ne galibi tsakanin shekara 8 zuwa 11, kafin fiƙar dindindin ta fito, da ƙashin da ake ɗebowa daga ƙugun yaron, don haƙorin ya sami inda zai tsiro ya kafu. Faɗaɗawa tana daidaita ɓangarorin biyu, ta ba likitan tiyata filin aiki. Wannan lokaci ne da in ya wuce ba ya dawowa, kuma shi kaɗai ya isa dalili. Sauƙin numfashi ta hanci, in ya samu, ƙari ne a kai.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. 'Yata mai shekara 9 an sa mata irin wannan ƙarfen, muna murɗawa kullum kamar yadda aka umarce mu. Da muka shiga mako na biyu sai muka lura idan ta sha ruwa yana ɗan fitowa ta hanci, maganarta ma ta canza. Shin ƙarfen ya farke ɗinkin da aka yi mata ne?

Daga wani uba.

AMSA: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Abin da ya fi yiwuwa shi ne akwai wata 'yar kafa tsakanin baki da hanci tun daga tiyatar farko, mafi yawa a bayan haƙoran gaba ko a cikin tsagar dasashi, wadda tsukewar muƙamuƙi ta matse ta har ba a san da ita ba. Da ɓangarorin suka buɗe sai ta bayyana. Likitoci sun san da haka, har ma sun fi son ta fito yanzu, domin a lokacin dashen ƙashi ne ake rufe irin wannan kafar, kuma gara a gan ta kafin tiyata da a gano ta bayanta. Duk da haka ka dakata da murɗawa, ka kira likitan da ya sa ƙarfen ya duba ta cikin kwana ɗaya ko biyu, shi zai ce a ci gaba ko a rage sauri ko a toshe wurin da ɗan faifan roba na wucin gadi. Idan akwai jini, ko ciwo mai tsanani, ko fatar ganɗa ta yi fari fat ko ta yi miki a ƙarƙashin ƙarfen, to a je a ranar.

Canjin magana iri biyu ne, kuma yana da kyau ka saurara ka bambance. Idan haruffa irin su s da t da k ne suke fita a gurguje, wannan harshe ne yake karo da ƙarfen, yakan kuma saba cikin mako 1 zuwa 2. Idan kuwa iska ce take tsiyaya ta hanci yayin magana, mai yiwuwa ta wannan kafar take bi, kuma za ta ragu idan an rufe ta. Faɗaɗawa zuwa gefe ba ta cika taɓa aikin hanɗa ba, tunda ba ta matsar da ita daga bangon maƙogwaro. Wanda ya fi buƙatar sa ido ta wannan fuska shi ne jan muƙamuƙi zuwa gaba, ko da abin ɗaurawa a fuska ko da tiyata. Ka nemi mai koyar da furuci na tawagarsu ya saurare ta yanzu, ya sake sauraronta bayan dashen ƙashi.

TAMBAYA: Likita, ni shekarata 17, an yi mini faɗaɗawa ina ƙarama amma haƙorana sun sake komawa ciki, hancina na dama kuma kullum a toshe yake. Lokaci ya wuce mini ke nan?

Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, lokaci bai wuce ba. Komawar da kika gani sananniya ce a masu tsagewa, domin tabo ba ya daina ja, shi ya sa bayan an gama murɗawa ake barin ƙarfen a baki wata 3 zuwa 6, sannan a maye gurbinsa da wata waya ko faifan riƙewa na tsawon lokaci. A shekarunki ƙasusuwan da ke kewaye da muƙamuƙi sun yi ƙarfi, ƙarfen da ya dogara da haƙora kaɗai zai fi karkatar da haƙoran ne maimakon ya motsa ƙashi, don haka akan haɗa da ƙananan notina da ake kafawa a ƙashi, ko ƙaramar tiyata da za ta sassauta shi. Idan kuma muƙamuƙinki na sama ya tsaya a baya, yanzu ne kike isa shekarun da ake tiyatar matso da shi gaba, wadda takan buɗe hanyar iska ta bayan hanci, bayanta kuma a miƙar da shingen hanci a gyara ƙofarsa. Tsarin yana da muhimmanci, muƙamuƙi ake fara gyarawa sannan hanci, domin hanci a kansa yake zaune. Ki koma wurin tawagar da ta kula da ke, ki nemi a duba cikin hancin da madubin likita, a ɗauki hoton ƙashin da aka dasa miki a ga ko ya kama, a kuma auna maganarki kafin a yanke shawarar kowace tiyata.